Zo Ki Kashe Mini Mutumin Nan

Farcen babban yatsan matar da ke kusa da ni a mota ya tsage gida biyu, kuma da shi take ta jan fuskar wayarta sama, bidiyo na bin bidiyo, ba ta bari ko ɗaya ya kai ƙarshe. Kun san halina, in na shiga mota bakina a rufe yake, idona ne ke yawo. Ina kallon farcen nan ina tunanin ko ba ya yi mata zafi, sai yatsan ya tsaya cak. Sai na ji muryar mahaifiyata.

"To yaya ake kashe shi? Ke! Zo ki kashe mini mutumin nan, ya ƙi mutuwa!"

Na waiwaya a firgice. Wallahi na zaci Mama ce ta biyo ni cikin motar. Babu kowa a baya sai wani dattijo da ke gyangyaɗi. Daga wayar matar muryar ke fitowa. Wani ƙato ne mai gemu a ciki, ya ɗaura ɗankwali a karkace, ya ja gira da baƙin abu, yana motsa baki daidai da maganar Mama, yana nuna wani da ke kwance kan kujera yana minshari.

Matar ta tuntsire da dariya har tana dukan cinyata.

"Yi haƙuri 'yar'uwa, tsohuwar nan ce za ta ƙarasa ni. Kin taɓa jin ta?"

"Na taɓa," na ce.

Ban yi ƙarya ba. Tun ina ciki nake jin ta.

Ga waɗanda ba su daɗe da fara karanta ni a nan ba: ni ce auta a gidanmu, mu biyu ne kawai, ni da wana, Yaya. Baba ya rasu ina shekarar ƙarshe a jami'a. Harkar ɗakin karatu na karanta, kuma a ɗakin karatun wata makaranta nake aiki, inda babban aikina shi ne in ce wa mutane su yi shiru, abin da ni ba a taɓa buƙatar gaya mini ba. Yaya na kirana Farfesa, ba don yabo ba. Masu nemana sun zo, sun zauna a falonmu, sun yi ta zuba ina kallon takalmansu, sun tafi ba su dawo ba. Wannan na yanzu shi ya fi daɗewa. Yana da shagon sayar da wayoyi, yana kuma da shafin bidiyo mai tarin mabiya, inda yake buɗe kwalin sabuwar waya yana ihu kamar an yi masa haihuwa. Shiruna bai dame shi ba, don bai taɓa lura da shi ba. Mama ce ta raɗa masa Ɗan Albarka, sunan ya bi shi, har ni da haka na ajiye lambarsa. An riga an fara maganar ranar da manyansa za su zo.

Mama ba ta karanta boko. Alƙur'aninta take karantawa kullum da safe, gilashi a ƙarshen hanci, amma in ka rubuta mata sunanta da boko sai ta ce tsutsotsi ne. Sai dai kada ku raina ta a kan waya. Ta san kowa da hotonsa. Ta san alama ɗaya a gefen saƙo, ta san biyu, ta san in sun canza launi. "Ya gani," za ta ce, tana nuna mini saƙon da ta tura wa Yaya. "Ga shi sun yi shuɗi. Ya gani ya yi banza da ni." Ta san in ɗige-ɗige na rawa mutum na rubutu ne, in kuma suka ɓace babu saƙo, to ya fasa faɗin gaskiya.

Matsalarta ɗaya ce, yatsu. Ciwon gaɓoɓi ba ya barinta ta danne alamar murya ta daɗe, ita kuwa addu'arta ba gajeriya ba ce. Sai ta kai "Allah ya raba ka da..." yatsa ya zame, saƙo ya tafi, a bar mutum bai san da me za a raba shi ba. Ranar da Ɗan Albarka ya ga haka, durƙusawa ya yi a gabanta, farar rigarsa na jan ƙasa.

"Mama, ki danna ki ja sama. Kin ga kwaɗon nan? Ya kulle. Yanzu saki hannunki, ki yi ta magana har gobe."

Mama ta gwada, ta yi dariya kamar yarinya. Ina tsaye a bakin ƙofa da farantin kofuna, kuma ba zan ɓoye muku ba, ranar ce karo na farko da na ji wani abu ya motsa a ƙirjina game da shi. Ban lura ba a lokacin cewa kullewa kawai ya koya mata.

Da na isa wurin aiki ban ko ajiye jaka ba. Na shige bayan kantar ƙarshe, inda muke tara littattafan da bangonsu ya cire, na nemo sautin. Jama'a, na yi ta ja ban ga ƙarshensu ba. Wata amarya na nuna angonta da ludayi. Wasu 'yan makaranta na nuna malaminsu ta taga. Wani ya sa wa akuya ɗankwali. Wata budurwa, janbaki har haɓa, ta lanƙwashe baya tana dogara sanda tana karkarwa, wai ita ce tsohuwar. Kowane baki na buɗewa, muryar Mama na fitowa daga ciki. Akwai wanda haƙoransa suka yi ja da datti, ya matso da bakin kusa da kyamara har ana ganin yawu.

A ƙasan kowane bidiyo an rubuta inda sautin ya samo asali. Shafin Ɗan Albarka ne.

Sai a nan na haɗa abin. Rannan ina wurin aiki Mama ta yi masa saƙon addu'a, ta gama, ta rasa inda ake tsayarwa. Hotonsa na saman wayar yana murmushi, shi ne "mutumin nan". Ni take kira, ta manta ba na gida. Addu'ar ya datse ya yar, ya ɗauki wutsiyar.

Na rubuta masa.

Ni: Muryar Mama nake ji a wayoyin mutane.

Shi: Kin gani ko!!! Mama ta fashe wallahi

Ni: Ka tambaye ta?

Shi: Na gaya wa Yaya

Ni: Ita fa?

Ɗige-ɗigen suka yi rawa, suka ɓace, suka sake rawa.

Shi: Haba gimbiyata, ai ba a san ita ce ba. Murya ce kawai

Ya biyo da sitikar wata mage tana rufe fuska. Na daɗe ina kallon magen nan. Murya ce kawai. Na rubuta amsa mai tsawo, na gyara waƙafi, na gyara aya, sannan na goge ta duka. Ni ke nan.

Da yamma na tarar da Mama a tsakar gida tana tsince shinkafa, waya a kan cinya, fuskarta kamar an kunna fitila a ciki.

"Auta, zo ki ji abin arziki! Yayanki ya ce addu'ar da na yi wa Ɗan Albarka ta zaga duniya. Har ƙasashen da ban san sunansu ba."

Yaya ya turo mata hoton da aka ɗauka daga shafin, ba bidiyon ba. Wayo. Ta buɗe shi da yatsu biyu kamar yadda na koya mata, ta nuna mini jerin jajayen zukata da 'yan fuskokin nan masu hawaye a gefen ido.

"Kin ga? Kuka suke. Bayin Allah, addu'a ta taɓa su. Duniya ta yi ƙarancin masu sa wa yara albarka, shi ya sa." Ta miƙo mini wayar. "Karanta mini abin da suka rubuta a ƙasa. Ni tsutsotsin nan sun fi ƙarfina."

Na karɓa. Akwai sharhi kusan goma a hoton. Na bi su da ido. Can ƙasa wani ya rubuta amin, wataƙila ma bidiyon da ke sama yake nufi.

"Sun ce amin."

"Duka?"

"Akwai masu gaishe ki."

"Allah sarki. Ina amsawa." Ta share ido da gefen zani. "Asabar Ɗan Albarka zai zo da kayan ɗaukar hoto. Wai mutane na so su ga fuskar mai addu'ar. Ki fito mini da leshin nan mai ruwan toka, ki goge."

Na iske Yaya a ƙofar gida yana wanke mota, wando a naɗe zuwa gwiwa. Na tsaya kusa da bokitin har sai da ya gaji da yin kamar bai gan ni ba.

"Farfesa. Yau kuma wane littafi aka ɓatar?"

"Yaya, ka ga bidiyoyin?"

"Na gani."

"Wanda aka sa wa akuya ɗankwali fa?"

Ya matse soson, ya ƙi kallona. "Wasa ne. Duniya ta canza, ke ce ba ki sani ba. Karatun yanzu ba na takarda ba ne. Yaron nan ya san abin da mutane ke so kafin su da kansu su sani. Kin san wani kamfanin maganin sauro ya neme shi a kan maganar nan?"

"Maganin sauro."

"To mene ne? Haramun ne?"

"Mama ta zaci addu'arta ce."

"Sai ki bar ta da zatonta! Yaushe rabon da ki ga tana dariya haka tun rasuwar Baba?" Ya jefa soson cikin bokiti, ruwan kumfa ya fantsamo mini a siket. "Ke dai ki ce kin samu dalili. Kowa ya zo sai kin nemo masa kuskure kamar jarrabawa kike dubawa. Wancan hancinsa, wancan dariyarsa. Wannan ya zo yana son ki, yana durƙusa wa uwarki, shi ma za ki kore shi da shirunki na mugunta. Ki je ki gaya mata. In jininta ya hau, ke kika sani."

Na koma ciki na goge leshin. Ku zage ni in kuna so, na san wasunku har sun fara rubutawa. Amma ku tsaya a inda nake tsaye. In na yi magana, na kashe wa Mama farin cikin da ta daɗe ba ta yi ba, na kuma rushe auren da take kwana tana tashi da shi. In na yi shiru, ranar Asabar za ta zauna a gaban kyamara da kwalliyarta, duk masu ɗankwalin nan su samu fuskar da za su kwaikwaya.

Ranar Juma'a, ina tsakiyar manna wa wani littafi bango, saƙon Ɗan Albarka ya shigo.

Shi: Ki sa abin kunne. Ke kaɗai tukuna. Kashi na biyu

Ban san akwai kashi na biyu ba. Ashe da Mama ta kira ba wanda ya zo, ajiye wayar ta yi a kan gado, kwaɗon na kulle, ta ci gaba da harkarta. Sai daga baya ta yi ta dannawa har saƙon ya tafi gaba ɗayansa.

Na ji ƙarar gadonta, wadda na sani kamar sunana. Na ji ta jawo durowa ta mayar. Shiru. Sai muryarta, ƙasa-ƙasa, wata irin murya da ban taɓa ji ba.

"Malam, ka ga Auta ta samu. Yaro ne mai fara'a, in ya shigo sai ya cika gida. Ni dai tsorona kada ya gaji da shirunta. Naka ta ɗauko. Kai ma sai da na shekara ina magana ni kaɗai kafin ka fara amsawa."

Ta ɗan yi dariya. Dariyar ta karye a tsakiya.

"Da kana nan, da kai za ka karɓi baƙin. Ni ban san me ake cewa ba."

Malam shi ne Baba. Ban taɓa sanin tana yi masa magana ba. Ɗakina na jikin nata, ban taɓa sani ba.

Ta yi kuka kaɗan, irin na wanda ba ya so bango ya ji. Sannan ta fyace hanci.

A daidai nan ya saka hon ɗin babbar mota. Ya maimaita fyatar, ya sake maimaitawa, kowace da hon ɗinta, sannan dariyar taron mutane ta biyo baya. A saman bidiyon ya rubuta da manyan haruffa masu ruwan ɗorawa: IDAN MAMA TA TUNA TSOHON SAURAYI.

Na cire abin kunnen na riƙe bakin teburi. Sai na fita bayan ginin na tsaya kusa da famfo.

Shi: Kin ji fyatar nan? Wannan sai ya ninka na farko

Shi: Tsofaffi sai sun zaci sun gama suke faɗin mai daɗin. Shi ya sa nake barinsu a kulle

Barinsu. Ba barinta ba. Aikina ke nan, lura da ƙananan haruffa. Na tuna yadda yake ba ni labarin tsofaffin da ke zuwa shagonsa a gyara musu waya, yadda yake zaunar da su ya ba su ruwa, ya ce su riƙa turo masa addu'a. Na tuna farar rigar nan tana jan ƙasa a gaban Mama. Na wanke bakina a famfon, na sake wankewa, ban san me nake wankewa ba.

Ni: Kada ka saka wannan.

Shi: Kishi kike Mama ta fi ki suna

Ya turo magen.

Asabar bayan la'asar ya iso. Tun azahar Mama ta shirya. Leshi mai ruwan toka, mayafi fari mai ƙananan duwatsu a baki, 'yan kunnen da ba ta sa ba tun bikin Yaya. Ta sa kwalli, hannunta na rawa har ya ɗan zarce a ido ɗaya, ni na gyara mata da gefen hankici. Ta fesa turare a falo har labule ya jiƙe. Ta sa na cire hoton kalanda a bango, wai ya tsufa, kada mutanen duniya su ce ba mu da tsafta.

Ya shigo da sallamarsa mai ƙarfi, riga mai ruwan goro, agogo kamar murfin kwalba. Ya durƙusa ya gaishe ta. Na kalli gwiwar tasa a kan kafet ɗinmu na ji kamar in ɗauko tsintsiya. Ya kafa sanda mai ƙafa uku, ya ɗaura waya a kai, ya kunna wata fitila mai zagaye kamar zobe, hasken ya daki fuskar Mama har ta runtse ido. Yaya na tsaye jikin ƙofa yana murmushin da bai kai ido ba. Ni ina kujerar lungu, inda nake zama kullum.

"Gimbiya, ba gaisuwa?" ya ce, bai jira amsa ba. Ya zaro gwangwanin maganin sauro daga leda ya sa wa Mama a hannu.

Ta juya shi. "Wannan fa? Sauro ya dame ku a shagon?"

"Riƙewa kawai za ki yi, Mama. In na ɗaga hannu sai ki faɗi maganar nan."

Ya danna wayar, jan ɗigo ya fito. Ya ɗaga hannu.

Mama ta gyara zama. Ta rasa yadda za ta yi da gwangwanin, ta ɗora shi a cinya, ta buɗe tafukanta biyu.

"Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana na kusa da na nesa. Allah ya raba ku da..."

"A'a, a'a, Mama. Ba wannan ba. Ta kashewar."

"Wace kashewa?"

"Zo ki kashe mini mutumin nan! Da ƙarfi, kamar yadda kika yi. Sai ki fesa sama."

Mama ta dubi Yaya. Yaya ya dubi silin. Ta dubo ni, tafukanta har yanzu a buɗe.

Ban shirya ba. Na rantse muku ban shirya ba. Muryata ta fito kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Mama, ba addu'arki ce ta zaga ba."

"Farfesa!" in ji Yaya.

Shi kuwa Ɗan Albarka dariya ya yi. Abin da ya fi ba ni ƙyama ke nan, ko gezau bai yi ba, don bai ga abin kunya a ciki ba. "Ai gara ma ta gani. Mama, ke fa tauraruwa ce ba ki sani ba." Ya zaro ɗaya wayar daga aljihu, ya durƙusa gefenta, ya fara ja mata.

Mai gemu da ɗankwali. Amarya da ludayi. Akuya. Budurwa mai sanda. Falon ya cika da muryar Mama, tana kira, tana sake kira, ita kuma tana zaune bakinta a rufe. Ta ciro gilashinta daga cikin mayafi ta saka. Ta kalli kowanne har ƙarshe.

"Addu'ar fa?" ta ce.

"Na yanke ta, Mama. Ta yi tsawo. Mutane ba sa tsayawa."

"Ba sa tsayawa."

"Wallahi ko daƙiƙa biyar. Amma bari ki ji na gobe, wannan har da taɓa zuciya."

"Kada ka..." na fara. Ya riga ya danna.

Ƙarar gado. Durowa. "Malam, ka ga Auta ta samu."

Na ga lokacin da Yaya ya gane. Bai taɓa jin wannan ba. Murmushin ya zube daga fuskarsa, ya saki jikin ƙofar ya miƙe tsaye. Mama ba ta motsa ba. Ta saurari kanta tana dariya, ta saurari kanta tana kuka. Hon ɗin motar ya cika falon, ya sake cikawa. Taron mutanen suka yi dariyarsu suka gama.

"Wa ya ji wannan?" Muryarta ba ta ko girgiza ba.

"Ba kowa tukuna. Ni da masu haɗa mini bidiyo, sai gimbiya."

Ta juyo ta dube ni ta saman gilashin. Na sunkuyar da kai.

"Auta. Karɓi wayar nan. Na farkon, abin da suka rubuta a ƙasa. Karanta mini, kada ki tsallake ko ɗaya. Ina ganin idonki in kin tsallake."

Ya miƙo mini da kansa, har da fara'a. Na karanta kamar yadda nake karanta wa 'yan aji ɗaya, a hankali, kowace kalma da haƙƙinta.

"Wa ke da lambar tsohuwar nan in turo mata mijina."

Ɗan Albarka ya ƙyalƙyale.

"Kakata sak. Ƙauyanci ba ya tsufa."

"Ci gaba."

"A ba ta maganin ɓera ta huta. Na shaƙe da shayi, Allah ya isa. Wannan a raba ta da waya kafin ta kashe mu duka."

Na tsaya.

"Akwai saura," in ji Mama. "Ga idonki nan a kai."

"Mama..."

"Karanta."

"Wannan da ji ita ta kashe mijinta."

Ba wanda ya yi motsi. Fitilar nan na ta ƙaramin kukanta. Mama ce ta yi jinyar Baba ita kaɗai, tana juya shi, tana ba shi ruwa da cokali, har ranar da ya daina karɓa. Yaya ya sani.

"Irin waɗannan ai su ke ɗaga bidiyo," in ji Ɗan Albarka, a hankali, kamar mai lallashi. "In ana zagi, ana kallo. Ba a sa su a rai, Mama."

Mama ta cire gilashin ta naɗe. Ta ɗauki gwangwanin daga cinyarta ta ajiye a ƙasa, ta gyara shi ya tsaya daidai. Ta kai hannu kunnen dama ta cire ɗan kunne, ta cire na hagu, ta dunƙule su a tafi. Sannan ta dafa hannun kujera ta fara miƙewa, a hankali, saboda gwiwa.

A nan na ga hannunsa. Ya kai shi kan sandar nan, yana juya wayar sannu-sannu tana bin ta. Jan ɗigon bai taɓa mutuwa ba tun ɗazu.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na tsinci kaina a tsakiyar falo, tafin hannuna a kan idon kyamarar, zafin fitilar na dukan wuyana. Ya kalli fuskata, ya kalli ta Yaya, ya janye hannunsa daga sandar.

Mama ba ta taɓa barin ɗaki da baƙo a ciki ba tare da ta ce a gaida gida ba, ko mai gyaran famfo ne. Ta bi ta gabansa, gefen leshinta ya shafi gwiwarsa da ke ƙasa har yanzu. Yaya ya matsa ya ba ta hanya, ya ce "Mama," ba ta tsaya ba. Ta ɗaga labule, ta sa takalminta ɗaya bayan ɗaya, ta saki labulen a bayanta.